Gidan Ingalls: Salsalar Manoman da Gona Ta Ƙi Zaunar da Su

Da wuya a sami gidan talakan manomi a Amurka da aka bi diddigin salsalarsa kamar gidan Charles Ingalls. Mutumin bai yi sarauta ba, bai tara dukiya ba, bai ci wani yaƙi ba. 'Yarsa ta biyu, Laura Ingalls Wilder, ita ce ta zauna bayan ta haura shekara 60 ta rubuta labarin ƙuruciyarta a littattafan yara. Da littattafan suka karɓu a duniya, sai masu bincike suka duƙufa kan takardun filaye, rajistar coci, kundin ƙidayar jama'a da rubutun da ke kan kaburbura, suna neman gaskiyar mutanen da ke cikin labarin. Abin da takardun nan suka nuna ya fi na cikin littattafan ɗaci, kuma a ganina ya fi shi amfani ga duk wanda ya damu da halin da ƙaramin manomi ke ciki. Mutane ne masu ƙwazo, masu riƙo da addininsu, waɗanda suka sari daji a jiha bayan jiha, amma gona ta ƙi zaunar da su.

Tushen gidan yana Ingila, a ƙauyen Skirbeck da ke lardin Lincolnshire. Daga can Edmund Ingalls ya tsallaka Tekun Atlantika da iyalinsa wajajen 1628, ya sauka a Salem, kuma a 1629 yana cikin mutanen farko da suka kafa garin Lynn a Massachusetts. Ajalinsa ya zo a 1648. Yana kan dokinsa zai haye Kogin Saugus, gadar da ta riga ta lalace ta rufta da shi, ya nutse. Magadansa suka kai kuka gaban hukuma, aka biya su diyya. 'Ya'yansa suka bazu a garuruwan kusa, Henry, wanda ta tsatsonsa Charles ya fito, ya zauna a Andover. A can ne fitinar zargin maita ta 1692 ta taɓa gidan. Martha Carrier, wadda uwarta Faith 'yar Edmund ce, tana cikin waɗanda kotun Salem ta yanke wa hukuncin kisa. An rataye ta ranar 19 ga Agusta, 1692, tana musanta laifin har numfashinta na ƙarshe.

Ƙarnin da ya biyo baya ya wuce da haihuwa da aure da sarar sabon fili, zuri'ar tana matsawa arewa zuwa New Hampshire. A can aka haifi Samuel Ingalls a 1771. Ya auri Margaret Delano, 'yar gidan da mahaifiyar Shugaba Franklin Delano Roosevelt ta fito daga cikinsa daga baya. Samuel ya ƙetara Kanada, ya zauna a Dunham ta lardin Quebec, inda aka haifa masa ɗa Lansford a 1812, sannan ya dawo ya sauka a yammacin jihar New York. Manomi ne mai ɗan taɓa waƙa, har ya buga ƙaramin littafin waƙoƙinsa. Lansford ya auri Laura Colby, suka haifi Charles ranar 10 ga Janairu, 1836, a garin Cuba na jihar New York.

Wanda ya tashi a gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma gona guda, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, har uban ya kwanta dama a raba gado, zai yi mamakin wannan yawan tashi. Tsarin can daban ne. Yaro in ya cika shekara 21 ya zama mai cin gashin kansa, guminsa nasa ne. Gonar uba mai 'ya'ya tara ko goma ba za ta ɗauke su duka ba, filayen gabas sun yi tsada, ga labari yana ta zuwa cewa can yamma ƙasa tana nan shimfiɗe, ba a taɓa sa mata garma ba, kuma ana sayarwa da arha. Saboda haka kowace tsara sai ta ɗaure kaya. Samuel an haife shi a New Hampshire, ya rasu a New York. Lansford an haife shi a Kanada, ya rasu a Wisconsin. Charles ɗan New York ne, kabarinsa yana Dakota ta Kudu. Laura 'yar Wisconsin ce, tana kwance a Missouri. Babu ɗayansu da aka binne a inda aka yanke masa cibiya.

Lansford ya kwashi iyalinsa zuwa Illinois a shekarun 1840, daga nan ya wuce gundumar Jefferson a Wisconsin. Ya sayi gona a Concord, ya jinginar da ita, ya kasa fansa, aka ƙwace. Maƙwabtansa a nan su ne gidan Quiner, waɗanda su ma sun sha wuya. Henry Quiner ya nutse a Tafkin Michigan lokacin da jirgin ruwan da yake ciki ya kife, ya bar matarsa Charlotte da ƙananan yara. 'Yarsu Caroline, wadda aka haifa ranar 12 ga Disamba, 1839, tana da shekara 5 a lokacin. Ta tashi da sanin yunwa, ta kuma tashi da son karatu, har ta fara koyarwa a makarantar ƙauye tana 'yar shekara 16. Duk inda mijinta ya kai ta daga baya, abin da take fara tambaya shi ne ko akwai makaranta da coci a kusa.

Aure uku aka ƙulla tsakanin gidajen biyu cikin shekara uku. Henry Quiner ƙarami ya auri Polly Ingalls a 1859. Charles ya auri Caroline ranar 1 ga Fabrairu, 1860. Peter Ingalls ya auri Eliza Quiner a 1861. 'Ya'yansu suka zama 'yan'uwa ta uwa ta uba. A daji mai nisa da gari, surukin da yake ɗan'uwa shi ne abokin sare itace, abokin girbi, kuma wanda za a buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tashi. Bayan asarar gonar Lansford dangin suka yi gungu suka nufi yammacin Wisconsin, kusa da Tafkin Pepin. A 1863 Charles da Henry suka haɗa kuɗi suka sayi eka 160, suka raba biyu. A ɗakin gungumen itace da Charles ya gina a nan aka haifi Mary a 1865, aka haifi Laura ranar 7 ga Fabrairu, 1867.

Abubuwa biyu sun faru a 1862 waɗanda ba a iya fahimtar sauran labarin sai da su. Na farko, ranar 20 ga Mayu Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon gonaki. Duk mai shekara 21 ko magidanci, namiji ko mace, zai iya yin rajistar eka 160 na filin gwamnati da kuɗin da bai wuce dala 18 ba. In ya gina ɗaki, ya noma filin, ya zauna a kai shekara 5, ya zama nasa. A ƙarƙashin wannan doka an raba kimanin eka miliyan 270. Na biyu, a watan Agusta ƙabilar Dakota ta Minnesota, wadda aka matse ta a wani siririn fili aka kuma jinkirta mata kuɗi da abincin da aka yi mata alkawari, ta ɗauki makami. An kashe ɗaruruwan baƙin manoma, sojoji suka murƙushe tawayen, ranar 26 ga Disamba aka rataye mutum 38 na Dakota lokaci guda a Mankato, a shekarar da ta biyo baya kuma aka kori sauran daga jihar. Filin da dokar ke kira na gwamnati, yawancinsa ta irin wannan hanya ya shigo hannunta.

Charles bai daɗe a Pepin ba. A 1868 ya sayar da gonar bashi ga wani ɗan Suwidin, ya ɗora iyalinsa a keken doki mai rumfa, suka ɗan tsaya a Missouri, a 1869 suka shiga Kansas. Ya sauka kimanin mil 13 daga garin Independence, ya sari itace a bakin rafi, ya gina ɗaki, ya haƙa rijiya. A nan dole a faɗi gaskiya: filin na ƙabilar Osage ne, bisa yarjejeniyar da gwamnatin Amurka ta sa wa hannu, kuma babu dokar da ta ba Charles izinin kafa turke a kai. Shi da dubban irinsa sun shiga ne da lissafin cewa in suka yi yawa gwamnati za ta tashi masu ƙasar, wanda ya riga zuwa kuma shi zai sami zaɓaɓɓen wuri. Littafin 'yarsa ma bai ɓoye cewa wannan ne tunaninsa ba. Mutanen Osage da ke shigowa ɗakin Caroline suna ɗaukar abinci da taba, har yarinya Laura ta tsorata da su, mutane ne da suka dawo daga farauta suka tarar baƙi sun yi gini a gonakinsu, sun sare musu itatuwa.

A wannan ɗaki zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da gidan gaba ɗaya, wanda ya yi musu magani kuwa wani likita ne baƙar fata mai suna George Tann. A nan aka haifi 'ya ta uku, Carrie, ranar 3 ga Agusta, 1870. Ƙidayar wannan shekarar ta rubuta Charles a matsayin kafinta. Lissafin baƙin ya fito daidai: a 1870 majalisa ta zartar da dokar tashin Osage, aka sayar da ƙasarsu a kan dala 1.25 kowace eka, suka koma yankin da yanzu ake kira Oklahoma. Sai dai Charles bai ci moriyar abin ba. Mutumin da ya sayi gonarsa ta Pepin ya kasa biya, shi kuma ba shi da kuɗin sayen filin da ya zauna a kai. A 1871 ya bar ɗaki da rijiya, ya koma Wisconsin.

A 1874 ya sake tashi, wannan karon zuwa Walnut Grove a kudu maso yammacin Minnesota, ƙasar da shekaru kaɗan kafin nan ta Dakota ce. Da farko sun zauna a wani ɗaki da aka haƙa a jikin gaɓar rafin Plum, ciyawa tana tsiro a rufinsa. Charles ya shuka alkama, ya ci bashin katako ya gina gida mai tagogin gilashi, da niyyar biya in an yi girbi. Alkamar 1875 ta yi kyau, saura kaɗan a sa mata lauje, sai fara ta sauka. Ba ƙaramar fara ba ce. Wani likita mai lura da yanayi a Nebraska, Albert Child, ya auna ayarin da ya wuce ta kansa a wannan shekara, ya ƙiyasta tsawonsa mil 1,800, faɗinsa mil 110. Ta cinye alkama, ta cinye lambu, ta cinye ganyen itatuwa, sannan ta zuba ƙwai a ƙasa, wanda ke nufin baɗi ma babu. Minnesota ta yi fama da ita daga 1873 har 1877.

Charles ya taka da ƙafa, tafiyar kwana da kwanaki, zuwa gabashin jihar inda farar ba ta kai ba, ya yi ƙodago a gonakin wasu yana aiko da abin da ya samu. A ƙarshen 1875, wata guda bayan an haifa masa ɗa namiji, ya je gaban hukumar gunduma ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba shi da komai, aka ba shi rabin ganga biyu na garin alkama. Ina ganin wannan takarda ta fi duk wani hoto bayyana mutumin. Magidanci ne mai ƙarfi, gwanin sassaƙa, gwanin farauta, wanda bai taɓa gudun aiki ba, ga shi a tsaye yana rantsuwa kan talaucinsa don 'ya'yansa su ci. Ita kuwa wannan fara, da manoma suka ci gaba da kafta kwaruruwan da take hayayyafa a cikinsu, sai ta ɓace daga doron ƙasa baki ɗaya. An ga ta ƙarshe da rai a 1902.

Yaron, Charles Frederick, an haife shi ranar 1 ga Nuwamba, 1875. Da gonar ta gagara, iyalin suka kama hanyar Iowa, suka ya da zango a gidan Peter da Eliza. A can yaron ya kamu da ciwo, ya rasu ranar 27 ga Agusta, 1876, yana da wata 9. Suka ƙarasa Burr Oak, inda Charles da Caroline suka taya wasu gudanar da wani ƙaramin otal, Mary da Laura suna wanke-wanke da kai abinci tebur. A nan aka haifi auta, Grace, ranar 23 ga Mayu, 1877. Bashi ya taru, kuɗin haya ya gagara, mai gida ya ƙi ɗaga ƙafa, sai Charles ya loda kaya cikin dare suka bar garin kafin gari ya waye. Laura ta rubuta wannan a tarihin rayuwarta na farko, wanda ba a buga ba sai a 2014, amma a littattafan yara ta tsallake Burr Oak da mutuwar ƙaninta gaba ɗaya.

Sun koma Walnut Grove, Charles yana 'yan ayyuka a gari. A 1879 Mary, tana da shekara 14, ta yi zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai, ta tashi ba ta gani. Likitocin da suka sake nazarin bayanan ciwon a 2013 sun karkata ga cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne, dangin sanƙarau. Ana cikin wannan hali ƙanwar Charles, Docia, ta zo masa da aikin akawu a sansanin masu shimfiɗa layin dogo zuwa yankin Dakota. Ya karɓa. A Fabrairun 1880 ya yi rajistar eka 160 kusa da wurin da garin De Smet ke shirin tsayuwa, kuma iyalinsa na cikin mutanen farko na garin. Caroline ta sa shi ya yi mata alkawarin cewa daga nan ba sauran tashi, ya kuma cika.

Shekarar farko ta kusa gamawa da su. Guguwar dusar ƙanƙara ta fara tun watan Oktoba na 1880, ta riƙa zuwa bi da bi. Garin sabo ne, ba wanda ya yi noman kirki balle ya tara abinci, kowa ya dogara ga jirgin ƙasa. Dusar ta binne layin dogo, jirgi ya daina zuwa tun tsakiyar hunturu, bai sake shigowa ba sai a watan Mayu na 1881. Fili ne fetal babu itace, gawayin kwal ya ƙare, kananzir ya ƙare, gari ya ƙare a kantuna. Gidan Ingalls suka koma murɗa ingirici da hannu yana zama kamar itace suna jefawa a murhu, suna niƙa irin alkama a ɗan injin niƙan kofi, daga safe har dare, don a sami burodin yini guda. Laura ta ba da labarin samari biyu, Almanzo Wilder da Cap Garland, da suka yi kasadar shiga daji neman wani manomi da aka ji yana da alkama, suka dawo da abin da ya riƙe garin.

Ba a rasa wanda ya yi gargaɗi ba. A 1878 John Wesley Powell, masanin ƙasa a ma'aikatar gwamnati, ya miƙa rahoto cewa a yankunan yamma inda ruwan sama bai kai inci 20 a shekara ba, eka 160 ba za ta riƙe iyali ba, kiwo ya fi dacewa da wurin, kuma makiyayi yana bukatar eka 2,560. De Smet tana gaf da bakin wannan yanki, shekarar ruwa a yi murna, shekarar fari a yi kuka. Majalisa ba ta saurare shi ba. Kamfanonin jirgin ƙasa da dillalan filaye suna ta yaɗa cewa duk inda garma ta shiga ruwan sama zai biyo ta, talakawa kuma suka gaskata. Charles ya cika sharuɗɗan doka, filin ya zama nasa a 1886, amma bai taɓa ciyar da gidansa da gonar kaɗai ba. A ƙarshen 1887 ya gina gida a cikin gari ya koma, a 1892 ya sayar da gonar. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a kafinta da ɗan tireda da ƙananan muƙaman gari. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 8 ga Yuni, 1902, yana da shekara 66. Gogensa, wanda ya riƙa kaɗa wa 'ya'yansa a kowane zango, Laura ya bar wa.

Almanzo Wilder ɗan gidan manoma ne masu hali daga Malone ta jihar New York, waɗanda suka koma Spring Valley a Minnesota. Ya zo Dakota a 1879 da wansa Royal da yayarsa Eliza Jane, kowannensu ya yi rajistar fili. Ya auri Laura ranar 25 ga Agusta, 1885, tana da shekara 18, ya girme ta da kusan shekara 10. Yana da eka 320 da dawakai masu kyau, yana kuma da bashin gida da na injinan noma. Shekarun da suka biyo baya sai dai a jera su. A 1886 ƙanƙara ta zubo ta kwantar da alkama ana gab da girbi. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara aka haifi Rose. Fari ya biyo baya. A 1888 mashaƙo ya kama miji da mata, Almanzo ya tashi aiki bai gama warkewa ba, ƙafafunsa suka shanye, ya ƙare rayuwarsa yana dogara sanda. A Agustan 1889 suka haifi ɗa namiji, ya rasu kafin a raɗa masa suna. A cikin watan ne kuma gobara ta tashi daga murhu ta cinye gidan. Laura tana da shekara 22 a lokacin.

Suka zauna a gidan iyayen Almanzo, suka gwada Florida ko ɗumin can zai taimaki ƙafarsa, suka dawo De Smet, Laura tana ɗinki a kan dala ɗaya a yini. Da ta tara dala 100, a Yulin 1894 suka kama hanyar Missouri a keken doki, tafiyar kimanin mil 650, suka sauka a Mansfield. Kuɗin nan suka bayar kafin alƙalami na eka 40, tudu mai duwatsu da kurmi, Laura ta sa masa suna Rocky Ridge. A nan, a karo na farko a tarihin wannan reshe, noma ya ɗan zauna, kuma dalilin a fili yake: sun daina zuba komai a alkama. Suka dasa tuffa, suka kiwata kaji da shanun madara, suka sayar da itacen wuta, Almanzo yana dako da keken doki, Laura tana dafa wa baƙi abinci. Sai da suka shafe kusan shekara 20 kafin su kammala gidan gonar, filin kuma ya kai wajen eka 200. Daga 1911 Laura ta fara rubutu a jaridar manoma ta Missouri Ruralist, ta kuma yi shekaru tana sakatariya da ma'ajin ƙungiyar bai wa manoma rancen gwamnatin tarayya a Mansfield.

Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 da matsin da ya biyo baya suka cinye ajiyarsu da ta Rose, wadda a lokacin ta yi suna a aikin jarida. Wannan ne ya zaunar da Laura rubutu da fensir a littafin 'yan makaranta. Little House in the Big Woods ya fito a 1932, wasu bakwai suka biyo baya zuwa 1943, Rose tana gyarawa tana sake tsarawa, wani lokaci uwa da 'ya suna sa-in-sa a wasiƙa kan abin da za a bari da abin da za a cire. Su biyun sun ƙi jinin shirye-shiryen tallafi na Shugaba Roosevelt, Rose ma ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu da'awar cewa gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutane. Wannan ra'ayi ya shiga littattafan, inda iyalin suka fito a matsayin mutanen da ba su taɓa jingina da kowa ba.

Takardu ba su goyi bayan haka ba. Filin De Smet kyautar gwamnati ne. Garin alkamar 1875 na hukuma ne. Karatun da Mary ta yi a makarantar makafi ta Vinton a Iowa, daga 1881 zuwa 1889, gwamnatin yankin Dakota ce ta biya kuɗinsa. Rancen da Laura ta riƙa raba wa maƙwabtanta kuɗin tarayya ne. Faɗin haka bai rage musu daraja ba ko kaɗan, domin wanda ya murɗa ingirici da hannun da sanyi ya farfasa ba ya bukatar a ƙara masa ado. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki labarinsu a riƙa zungurin manomin yau da shi, ana ce masa in ya faɗi laifinsa ne. Charles Ingalls ya yi duk abin da aka ce a yi, fara da fari da bashi suka kayar da shi. Haka kuma ba daidai ba ne a ba da labarin a manta da Osage da Dakota. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, wadda ta kafa lambar yabo da sunan Laura a 1954, ta cire sunan a 2018 saboda yadda littattafan suka siffanta 'yan asalin ƙasar da baƙaƙen fata.

Caroline ta rasu a De Smet a 1924. Mary ba ta yi aure ba, ta rasu a 1928 a gidan Carrie. Grace ta auri Nathan Dow a 1901, ta rasu a 1941 ba ta haihu ba. Carrie ta yi aikin ɗab'i a jaridu, ta yi rajistar nata filin ita kaɗai, ta auri David Swanzey a 1912 ta riƙe masa 'ya'yan matarsa ta farko, ta rasu a 1946, ita ma ba ta haihu ba. Almanzo da Laura sun sayar da Rocky Ridge a 1948 da sharaɗin su zauna a gidan har ƙarshen ransu. Shi ya rasu a 1949, ita kuma ranar 10 ga Fabrairu, 1957, kwana uku bayan ta cika shekara 90. Rose ta auri Gillette Lane a 1909, ta haifi ɗa namiji da bai rayu ba, auren ya mutu a 1918, ba ta sake yin wani ba. Maza uku aka haifa a wannan reshe, ɗan Caroline, ɗan Laura da ɗan Rose, babu wanda ya shekara a duniya.

Zuri'ar Peter da Polly da sauran 'ya'yan Lansford tana nan da yawa a Amurka. Ta Charles da Caroline ta tsaya ranar 30 ga Oktoba, 1968, da rasuwar Rose a Danbury ta jihar Connecticut, tana da shekara 81. Gadon da ya rage shi ne haƙƙin littattafan. Laura ta yi wasiyya cewa bayan Rose kuɗin su koma ga ɗakin karatu na Mansfield, amma Rose ta bar komai ga Roger Lea MacBride, wani lauya da ta ɗauka tamkar jika, wanda ba su haɗa jini ba. A hannunsa aka mai da labarin wasan talabijin da aka nuna daga 1974 zuwa 1983. Ɗakin karatun ya shigar da ƙara a 1999, aka sasanta a 2001 a kan dala 875,000.